Mai Rubutu a Juye

A rumfata, bayan layin maƙeran tagulla,
inda iskar Kustantiniya ke shigowa da ƙarnin kifi,
shekara talatin ina rubutu a juye.
Na sassaƙa a bakin awartaki daga dama,
dalma ta karanta daga hagu.

Sisiniyos ya fara zuwa yana saurayi,
tawada a yatsa, takalmi ya huje.
Ya ce, rubuta:
"Ya Ubangiji, taimaki bawanka Sisiniyos, notariyos."
Ɗan magatakarda ke nan, mai kwafe wasiƙun wasu.
Fili ya yi yawa a fuskar ƙarfen,
har na kewaye shi da ganyen zaitun
don kada sunan ya ji kaɗaici.
Ya biya rabi, sauran sai da aka yi albashi.

Bayan hunturu bakwai ya dawo, bawa na biye.
An ba shi fiton Abidos:
jirgin alharini, jirgin barkono, jirgin man zaitun,
kowanne sai ya rusuna masa kafin ya wuce mashigi.
Kommerkiyariyos.
Ƙirga haruffan da kanka.
Na cire ganyen.

Sai sifatariyos, mai riƙon takobin Ƙaisar,
shi da bai taɓa yanka ko albasa ba.
Sai hifatos.
Dalma kuwa ba ta san an yi naɗi ba,
faɗinta na jiya shi ne na yau, faɗin dinari.
Na ce, ranka ya daɗe, ɗakin ya cika,
sai wani ya fita kafin wani ya shiga.
Ya ce, gajarta addu'ar.
Ubangiji ya koma harafi biyu da ɗan layi a ka,
"taimaki" ya koma harafi ɗaya da ɗigo.

Ranar da ya zama fatirikiyos bai zo ba,
aike ya yi, da takarda mai ƙamshin turare.
A cire "bawanka", in ji shi, kowa ya sani.
Bai isa ba.
Na yanke sunan da uwarsa ta raɗa masa,
Sisin, ɗigo.
Zotikos, yarona, ya leƙa ta kafaɗata ya ce,
maigida, riga ta cinye mai riga.

Ba zan faɗi abin da ya faru a fada ba,
ban gani ba, kuma kunnen bango ya fi nawa.
Na dai ga dakaru biyu da hantsi
sun ajiye awartakin a kan maƙerata,
suka ce, goge.
Aikin wata guda.
Zarto ya gama da shi kafin ruwan zafina ya huce.

Bara, lokacin da ɓaure ya nuna,
wani mai baƙar riga ya tsaya a ƙofa,
kai a aske, yaro na jansa da sanda.
Muryar na gane.
Ya ce, kana ajiye gwaji?
Na zazzage tulun, na lalubo ta fari,
mai ganyen zaitun, ta yi fari fat da tsufa.
Ya daɗe yana bin ta da babban yatsa,
harafi bayan harafi,
ya tsaya a kan "bawanka".
Na ce, in sassaƙa maka sabo, kyauta?
Ya yi dariya. Wace wasiƙa zan ɗaure?
Ya tafi da ita a dunƙule cikin hannu.

Sauran na tulun Zotikos ya kai wa masunta,
suna huda su, su ɗaura a gindin taru.
Jiya da asuba na bi su bakin ruwa.
Aka watsa.
Hifatos, sifatariyos, fatirikiyos,
duk suka nutse tare,
babu wanda ya jira a ba shi gaba.